Dala 8.41, da abin da kotunan Mishigan suka ce kan gida, bashi da ɗauri

A shekarar 2011 wani tsohon injiniya mai suna Uri Rafaeli ya sayi gidan haya a Southfield, garin da ke manne da Ditroit ta arewa a jihar Mishigan ta Amurka, a kan dala 60,000. Harajin gidan na wannan shekarar ya shige masa. Da ya zo biya kuma sai ya yi kuskure wajen lissafin kuɗin ruwan da ya hau kai, biyan ya gaza da dala 8 da santi 41, kuɗin da ko abincin rana na kirki ba zai saya maka ba a garin nan. Tara da kuɗin ruwa da kuɗin takardu suka yi ta hawa har bashin ya kai dala 285.81. A 2014 gundumar Oakland ta ƙwace gidan, ta kai shi gwanjo, ta sayar a kan dala 24,500, ta cire abin da take bi, sauran kuma ta zuba a asusunta. Ko sisi ba a mayar wa mai gida ba. Kuma babu ma'aikacin da ya yi sata a ciki, haka dokar jihar ta ce a yi.

Rafaeli ya kai ƙara tare da wani mutum da ake bi wajen dala 6,000 aka sayar masa da fili a kan dala 82,000. Kotun farko ta kore su. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jihar ita ma ta kore su, ta kafa hujja da dokar da ke ba hukuma damar ƙwace kayan da aka aikata laifi da su. Sai ranar 17 ga Yuli, 2020 Kotun Ƙolin Mishigan ta juya hukuncin. Mai shari'a Brian Zahra, wanda ya rubuta shi, ya ce rashin biyan haraji ba laifi ba ne irin wanda ake ƙwace kaya dominsa, bashi ne, kuma tun zamanin Magna Carta, tsohuwar takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki a Ingila, mai karɓar haraji iyakarsa abin da ake bi, rarar ta mai dukiya ce. Gundumar da ta riƙe rara ta ɗauki dukiyar mutum ba tare da diyya ba, abin da tsarin mulkin Mishigan ya hana.

Ni aikina a nan shi ne binciken takardun gida kafin a yi cinikinsa: wa ya mallake shi daga hannun wa, wane bashi ne ke rataye a wuyansa, wa zai fara karɓa in aka sayar. Saboda haka karanta hukunce-hukuncen kotunan jihar ya zame mini dole, kuma da ka fara karantawa ba ka tsayawa a kan na gidaje kaɗai, domin a jere suke fitowa, na haraji kusa da na kisan kai.

Mutanenmu in ana hirar shari'a a Amurka, Kotun Ƙoli ta Washinton kawai suka sani, ita ake ji a rediyo. Amma abin da ya shafi gidanka da motarka da ɗanka in ya faɗa hannun hukuma, galibinsa a kotunan jiha yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. A Najeriya ƙarar da ta taso daga babbar kotun jiha ko daga kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, in ta ci gaba, kotunan tarayya za ta je, ta ƙare a Abuja. A nan kuwa kowace jiha tana da kundin tsarin mulkinta da kotun ƙolinta, kuma abin da wannan kotun ta ce game da ma'anar dokar jihar, babu wanda ya isa ya gyara mata, sai in ta taka tsarin mulkin tarayya. Tana iya ba mutum kariyar da ta fi wadda tarayya ta ba shi. Rage masa ne ba ta da iko. A Mishigan alƙalan Kotun Ƙoli bakwai ne, jama'a ke zaɓen su na shekara takwas-takwas. A ƙarƙashinsu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara mai alƙalai 25 da ke zama uku-uku, kuma yawancin ƙararraki a hannunsu suke mutuwa, don Kotun Ƙoli ita ke zaɓen abin da za ta saurara, kaɗan ne kuma take ɗauka.

Bari in koma kan gida, don nan ne na fi sani.

Abin da sabon zuwa ya fi kasa ganewa shi ne, a nan bashi yana iya bin gida, ba mai gida kaɗai ba. Jingina dai mun san ta, kai ne ke kai gonarka ko takardar filinka da hannunka. Wannan kuwa jinginar dole ce, doka ce ke ɗaura ta ko ka sani ko ba ka sani ba. Harajin gida da ba a biya ba yana manne wa gidan. Magini ko mai aikin famfo da bai karɓi kuɗinsa ba yana iya zuwa ofishin rajistar filaye ya rubuta bashinsa a kan gidan. Wanda ya ci nasara a kanka a kotu shi ma haka. Ko gidan ya canja hannu, bashin yana nan a wuyansa. In na buɗe tarihin gida a kwamfuta, haka nake ganin su a jere da kwanan watan da kowa ya shigar da nasa, kuma tsarin layin shi ne komai, wanda ke gaba ya ci ya ƙoshi, na baya ya tarar da abin da ya saura. Haraji kuwa ba ya bin layi. Ko yaushe ya zo, gaba yake wucewa, kuma ranar da gunduma ta ƙwace gida saboda shi, jinginar banki da ta magini duk sun goge.

Shi ya sa bankin da ya ba ka rancen sayen gida ba ya yarda ya bar maka biyan haraji. Yana haɗa shi cikin kuɗin da kake ba shi duk wata, ya biya da kansa. To a nan ne mutanenmu suke shiga haɗari ba tare da sun lura ba. Da yawa cikinmu gudun riba ya sa ba ma zuwa banki. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗin tasi ko na kitso, ya sayi tsohon gida kuɗi hannu, ya yi hamdala ya huta da haya. Babu bankin da ke tsaye a kansa, babu mai biya masa haraji a bayan fage, sai wasiƙu da ke zuwa cikin tarin takardun talla.

Ga yadda kalandar take tun da aka sauya dokar a 1999. A ɗauka harajin 2022 ne ba ka biya ba. Ranar 1 ga Maris, 2023 bashin ya bar hannun hukumar gari ya koma hannun ma'ajin gunduma, da ƙarin kashi 4 cikin ɗari na aiki da kashi 1 cikin ɗari kowane wata. Ranar 1 ga Maris, 2024 an sa gidan a layin ƙwacewa, kuɗin ruwan ya koma kashi ɗaya da rabi a wata, kuma a lissafa shi tun daga farko, ga wasu kuɗaɗen takardu. Farkon 2025 alƙali ya sa hannu. Kana da damar fansar gidanka har ranar 31 ga Maris, 2025. Washegari, ko ka zo da kuɗin cikin jaka, ihu ne bayan hari.

Akwai wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da aka haɗa ni da ita bayan sallar Juma'a a wani lokacin sanyi. Mijinta ya rasu, 'ya'yan suna wasu jihohi. Ta fito da wasiƙun daga cikin gwangwanin biskit, wasu ma ba a buɗe ba, duk da sunan marigayin, ta ce ba ta son taɓa abin da ba nata ba.

"Ɗana, gidan nan fa Alhaji ya biya shi tas kafin ya bar duniya. Ko kwabo ba a bin mu."

"Hajiya, kuɗin gida kam an gama. Wannan haraji ne, shi kowace shekara sabo yake."

"To su zo su gaya mini mana. Ai ina ciki kullum."

Na nuna mata takardar ƙarshe, wadda aka liƙa a ƙofa ta cire ta adana da sauran. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon kwanan watan, sannan ta ce, "Wato saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan." Jama'ar masallaci suka yi karo-karo aka biya na shekarar da ta fi tsufa, sauran aka nema mata yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ɗan abin da take samu, tana cikin waɗanda doka ta yarda a yafe wa harajin ko a rage musu. Sai dai yafewar ba ta zuwa da kanta, nema ake yi da fom, kuma gidan bai ma koma sunanta ba tukuna.

Bayan hukuncin Rafaeli kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A ƙarshen 2020 majalisar dokokin jihar ta tsara hanyar karɓar rarar, kuma duk wanda ya karanta tsarin zai gane ba don sauƙin mai gida aka yi shi ba. Gidanka ya tafi ranar 1 ga Afrilu. Dole kafin 1 ga Yuli na wannan shekarar ka cike fom mai lamba 5743, ka yi rantsuwa a gaban mai hatimi, ka kai wa ma'aji hannu da hannu ko ta wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa. A lokacin ba a ma yi gwanjon ba, ba ka san ko za a samu rara ko ba za a samu ba, kuma wataƙila kana fama da neman inda za ka sa iyalinka. In ka tsallake wannan, sai shekara mai zuwa, tsakanin 1 ga Fabrairu da 15 ga Mayu, ka shigar da buƙata a kotu. In alƙali ya amince, gunduma ta cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin a matsayin la'ada, ta ba ka saura. Wanda ya makara ko da kwana ɗaya ne, rarar ta zauna wa gunduma kamar dai ba a taɓa yin shari'ar Rafaeli ba. A 2023 wasu da suka makara a gundumar Muskegon suka kai kuka Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta ce tsarin bai saɓa wa tsarin mulki ba, an ba su hanya, su ne ba su bi ba.

Ban yarda da wannan hukuncin ba. In dai kotu ta ce kuɗin nan dukiyar mutum ce, ma'aji kuma ya san sunansa, ya san nawa ya rage, me ya hana a aika masa? Hukumar da ta iya gano shi lokacin da take bin sa bashi ba za ta rasa shi ba ranar da ita ce ake bi.

Wani abin kuma, rarar gwanjo kawai kotun ta ce a mayar, ba ainihin darajar gidan a kasuwa ba. Gidan da Rafaeli ya saya dala 60,000, a kan 24,500 ya tafi. Wanda ya taɓa leƙa irin wannan gwanjo ya san masu saye ba su ga cikin gidan ba, ba su san ko akwai mutane a ciki ba, don haka farashin ƙasa-ƙasa suke sawa. Abin da ke tsakanin kuɗin gwanjo da kuɗin kasuwa, mai gida ne ya yi asararsa.

Duk da haka ba za a raina abin da aka samu ba. A Yulin 2024, a shari'ar Schafer da gundumar Kent, Kotun Ƙolin jihar ta ce hukuncin ya shafi har waɗanda aka sayar wa da gidaje kafin 2020, aka ba su zuwa 31 ga Maris, 2025 su nuna buƙata. Kuma Mishigan ta riga Washinton da kusan shekara uku. Sai a Mayun 2023 Kotun Ƙolin tarayya ta faɗi irin wannan magana ga ƙasa baki ɗaya, a ƙarar Geraldine Tyler, tsohuwa mai shekara 94 daga Minesota, wadda ake bi dala 15,000 aka sayar mata da gida a kan 40,000 aka riƙe duka.

A Ditroit kuma ciwon ya fi haka zurfi, domin shi kansa harajin da ake ƙwace gidaje a kansa an ƙiyasta shi fiye da kima. Tsarin mulkin jihar ya ce kada a ƙiyasta gida sama da rabin darajarsa a kasuwa. Bayan faɗuwar farashin gidaje a 2008 hukumar birnin ba ta sauke ƙiyasinta yadda ya kamata ba, kuma binciken jaridar Detroit News na farkon 2020 ya nuna an caji masu gidaje ƙarin aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016. Da aka kai ƙara a madadin unguwanni don a tsayar da ƙwacen, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2017 ta ce batun ƙiyasi ba a nan ake kawo shi ba, akwai kotun haraji ta musamman. Ita kuwa waccan hanyar, kowane mai gida shi kaɗai yake bin ta, yana farawa da ƙorafi cikin 'yan kwanaki a watan Fabrairu ko Maris na shekarar da aka yi ƙiyasin. Shekarun da ake magana a kansu sun riga sun wuce.

Ga masu aikin hannu cikinmu, masu fenti da gyaran rufi da shimfiɗa tayil, akwai tsohon hukunci na 2002 da ya kamata su sani. Wani kamfani mai suna Millen ya yi wa wasu ma'aurata rufin fale-falen dutse a gidansu, rigima ta tashi kan kuɗi, kamfanin ya rubuta bashinsa a kan gidan. Sai aka gano ba shi da lasisin aikin gidajen zama. Alƙalin farko ya soke jinginar, amma ya nemi tsaka-tsaki: ko masu gida su biya, ko a bar kamfanin ya kwashe duwatsunsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince. Kotun Ƙoli ta ce sam, doka ta hana mara lasisi neman kuɗin aikinsa a kotu, kuma alƙali ba shi da ikon zagaye doka da sunan tausayi. Masu gida suka zauna da rufinsu, mai aiki ya tafi bai samu abin da yake bi ba. A jihar nan aikin gida da ya kai dala 600 yana buƙatar lasisi, kuma ko kana da shi, kwana 90 kawai gare ka daga ranar da ka gama aiki ka rubuta bashinka, shekara ɗaya kuma ka shigar da ƙara. Na san masu hannu sosai a cikinmu da ke aikin dubban daloli a kan "Allah ya kai mu, in an gama ma yi lissafi".

A ɓangaren hukunta masu laifi, tambayar dai ita ce wadda aka yi kan haraji, wato nawa hukuma take bin mutum da kuma inda ya kamata ta tsaya, sai dai a nan shekarun rayuwa ake lissafawa. Mishigan ba ta da hukuncin kisa, tun 1846 ta soke shi ga laifin kisan kai, saboda haka mafi girman abin da take da shi shi ne ɗaurin rai da rai babu sakin talala. A da tana ɗora shi har a kan wanda aka kama da giram 650 na hodar iblis. A 1991 Kotun Ƙolin tarayya ta duba ƙarar Ronald Harmelin, wanda aka kama da giram 672, ta ce hukuncin bai saɓa wa tsarin mulkin Amurka ba. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙolin Mishigan, a shari'ar Bullock, ta soke shi ga masu laifin mallakar hodar. Hujjarta ita ce kundin tarayya ya hana horon da ya haɗa mugunta da saɓa wa al'ada, na Mishigan kuwa ya hana wanda ke da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma horon da ya fi ƙarfin laifi nesa ba kusa ba yana ciki.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Eric Beck daga Saginaw. An tuhume shi da kisan kai da kuma riƙe bindiga alhali an haramta masa saboda tsohon laifi. Juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko mutum ya aikata, suka wanke shi daga kisan, suka kama shi da laifin bindiga. Ma'aunin da doka ta shimfiɗa ya nuna mafi ƙarancin zamansa ya faɗo tsakanin wata 22 da 76. Alƙali ya ba shi wata 240 zuwa 400, ya kuma faɗi dalilinsa a fili: shi a ganinsa, bisa rinjayen hujja, Beck ne ya yi harbin. Wato an wanke mutum daga kisa, sannan an ɗaure shi shekara ashirin saboda kisan. A kotunan tarayya an daɗe ana yarda da irin wannan, tun hukuncin Watts na 1997, bisa cewa ma'aunin hujja wajen yanke horo ya fi sauƙi. A Yulin 2019 Kotun Ƙolin Mishigan, ta bakin babbar mai shari'a Bridget McCormack, ta ce wanda aka wanke yana nan a matsayin mara laifi kan wannan tuhumar, alƙali ba zai hore shi kamar ya aikata ba. Wannan kam ban ga ta inda za a yi jayayya da shi ba. In ra'ayin alƙali zai iya shafe abin da juri suka yanke, to me ya sa aka ɗauko mutane goma sha biyu daga wuraren aikinsu?

Na matasa kuwa ya fi wuya. A 2012 Washinton ta hana ɗora wa 'yan ƙasa da shekara 18 ɗaurin rai da rai na dole, wanda alƙali ba shi da zaɓi a cikinsa. A Yulin 2022, a shari'ar Kemo Parks daga Flint, wanda ya taimaka wa ɗan uwansa wajen kisa yana ɗan shekara 18, Kotun Ƙolin Mishigan ta ƙara shekara ɗaya a kan layin, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. A Afrilun 2025 ta ƙara da 'yan 19 da 20. Hujjar ita ce binciken ƙwaƙwalwa da ke nuna ɓangaren da ke riƙe mutum daga gaggawa da bin abokai bai gama nuna ba a waɗannan shekarun. Ba a ce a saki kowa ba. Fursunoni kusan 600 da hukuncin 2025 ya shafa za a sake yanke musu horo ɗaya bayan ɗaya. Mai gabatar da ƙara yana iya sake neman rai da rai, in bai nema ba ko bai samu ba, mafi ƙarancin zama ya kama daga shekara 25 zuwa 40.

Na yarda alƙali ya kamata ya kalli wanda ke gabansa kafin ya rufe shi har mutuwa. Amma ina tuna iyayen waɗanda aka kashe, da aka ce musu shekaru talatin da suka wuce magana ta ƙare, yanzu kuma takarda ta zo a dawo kotu a sake jin yadda aka kashe musu ɗa. Mu da muka tashi da karatun ƙisasi mun san dangin mamaci su ke da zaɓi tsakanin ramuwa da diyya da yafewa. A nan doka ta ba su damar tsayawa gaban alƙali su faɗi abin da ke ransu, yana saurare, amma yafewarsu ko ƙin yafewarsu ba ta ɗaure shi. Alƙalan da suka ƙi amincewa da hukuncin sun ce ja layin shekaru aikin majalisa ne, kuma wanda ya matsa da shi daga 18 zuwa 20 ba shi da amsar da zai ba mai 21. Wannan ma magana ce. Kujera ɗaya ce ta raba huɗu da uku a 2022, kuma waɗannan kujerun suna can ƙasan takardar zaɓe, a sashen da ba ruwansa da jam'iyya, wanda 'yan uwanmu masu takardar zama ɗan ƙasa suke tsallakewa bayan sun dangwala wa jam'iyyarsu a sama.

Akwai wurin da haraji da ɗauri suka haɗu a takarda ɗaya, wato kuɗin kotu. Wanda aka samu da laifi, ban da tara da diyyar wanda aka cuta, ana ɗora masa wani kaso na kuɗin tafiyar da kotun kanta, albashin ma'aikata da wuta da gyaran gini. A 2014, a ƙarar wani Cunningham da aka caja dala 1,000, Kotun Ƙoli ta ce babu dokar da ta ba alƙalai wannan ikon. Cikin 'yan watanni majalisa ta yi dokar da ta ba su, ta ce ta wucin gadi ce, kuma tun daga nan take ta ƙara mata wa'adi. A 2017, a shari'ar Cameron, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kira abin da sunansa, ta ce haraji ne, tunda don tara kuɗi aka yi shi kuma mai biya ba shi da zaɓi, amma ta ce halastaccen haraji ne. Ƙungiyar alƙalan ƙananan kotunan jihar da kansu suka rubuta wa Kotun Ƙoli cewa hukumomin da ke riƙe da kasafin kotunansu suna matsa musu lamba kan kuɗin shiga, kuma wanda aka wanke ba ya biyan komai, sai wanda aka kama da laifi. A 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi taɓa hukuncin, McCormack dai ta rubuta cewa damuwar alƙalan abin dubawa ce.

Yawancin masu wannan bashin ba su ma da hanyar ɗaukaka ƙara kai tsaye, domin tun gyaran tsarin mulkin jihar na 1994 wanda ya amsa laifinsa sai ya nemi izini tukuna, kuma mafi yawan shari'o'in laifi da amsa laifi suke ƙarewa. In kwana 56 suka wuce ba a biya ba, a ƙara kashi 20 cikin ɗari. In mutum yana gidan yari, hukumar gidan tana cire rabin duk abin da ya haura dala 50 da ya shiga asusunsa a wata. Uwar da ta aika wa ɗanta dala 100 don sabulu da kuɗin waya, 75 ne za su isa hannunsa.